Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Ra'ayi Kan Haɗa Kwamfuta Cikin Ƙaramin Akwati

Gabatarwa

Wata rana da yamma, cikin zangon karatun da ya gabata, wani abokin karatuna ya shigo ɗakinmu ya tarar da ni gurfane a kan tabarma, da sukudireba a hannu, ga wayoyi a gefe, ga ƙananan kusoshi cikin faranti. Ya tsaya ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Kai da aka turo nazarin Hausa, ina ruwanka da aikin injiniyoyi?" Ban ba shi amsa ba a lokacin, domin hankalina yana kan wata waya da ta ƙi shiga gurbinta. Amma tambayar ta zauna mini a rai, ita ce kuma dalilin wannan ɗan rubutu da nake gabatarwa ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk ɗalibin da Allah ya hore wa halin mallakar kwamfutar tebur, ya fi masa alheri ya sayi sassanta ya haɗa da hannunsa, kuma ya haɗa ta cikin ƙaramin akwati. Dalilina kuwa, ƙaramin akwati malami ne mai tsanani, ba ya yarda ka saka masa abin da ba ka auna ba, ba ya kuma da wurin abin da ba ka da bukatarsa. Wanda ya bi ta hannun wannan malami zai fito ya san na'urarsa ciki da waje, wannan sani kuwa akwai rabon harshen Hausa a cikinsa, kamar yadda zan nuna a gaba.

Asalin Al'amarin

Kwamfuta ba da ƙanƙanta ta fara ba. Wadda ake kira ENIAC, da aka bayyana wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, nauyinta ya kai wajen tan 30, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, ɗaki guda kuma ta cika. Da kwamfuta ta sauko hannun ɗaiɗaikun mutane, a warwatse ta sauko. Altair 8800 ta 1975 sassa ake aiko wa mai saye ya haɗa da kansa. Apple ta farko, wadda Steve Wozniak ya tsara a 1976, allo ne tsirara, mai saye shi zai nemo mata akwati, har wasu na katako suka yi mata. Ke nan haɗa kwamfuta da hannu tsohuwar al'ada ce, tare da na'urar aka haife ta.

A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda ya haɗa da sassan da wasu kamfanoni ke ƙerawa, wannan ya buɗe ƙofa ga kowa ya ƙera sassan da za su dace da ita. A 1995 kamfanin Intel ya fito da ƙa'idar da ake kira ATX, wadda ta tsayar da girman babban allon da sauran sassa ke hawa kansa, da wuraren da kusoshi za su shiga, da irin wayoyin wuta. Allon ATX milimita 305 ne a tsawo, 244 a faɗi. Albarkacin wannan ƙa'ida ne mutum zai sayi allo na wannan kamfani, akwati na wancan, su kuma dace da juna. A 2001 kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ya fito da ƙaramin allo mai suna Mini-ITX, milimita 170 kowane gefe, watau bai kai tsawon littafin rubutu ba. A kan wannan allo ne galibin ƙananan kwamfutocin da ake haɗawa da hannu suka dogara.

Da lita ake auna girman akwatin kwamfuta, kamar yadda ake auna mai. Dogon akwatin nan da muka saba gani a ofisoshi da shagunan buga takardu yakan ci lita 40 ko fiye. Wanda ake kira ƙarami kuwa shi ne wanda bai wuce lita 20 ba, watau bai kai jarkar mai ga-ruwa ba. Alal misali, NR200 na kamfanin Cooler Master lita 18 ne da 'yan kai, Node 202 na Fractal Design kimanin lita 10, akwai ma A4-SFX wanda bai cika lita 8 ba.

To, me ya sa babban akwati ya zama babba tun farko? Domin a da, sauti da katinsa, haɗin intanet da katinsa, ga na'urar faifan CD, ga rumbun ajiya mai faifai masu juyawa, kowanne yana neman wurinsa. Yanzu kuwa sauti da intanet sun koma kan allo, faifan CD ya ja baya, rumbun ajiya irin na M.2 kuma ɗan siriri ne, milimita 22 a faɗi, 80 a tsawo, a jikin allon ake kwantar da shi. Duk wanda ya buɗe babban akwati na zamani zai ga mafi yawan cikinsa iska ce da ƙura.

Sassan da Ke Ciki

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san sassan, da sunayen da zan kira su da su. Babban allon nan shi nake kira uwar allo. A kansa ake ɗora furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Sai ram, wanda ya yi kama da tabarmar da tela ke baza ɗinkin da yake yi a yanzu, da an ɗauke wuta an naɗe ta. Sai rumbun ajiya, inda aiki ke kwana ko babu wuta. Sai tukunyar wuta, wadda ke karɓar lantarkin bango mai ƙarfin bolt 230 ta sauko da shi zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, gwargwadon abin da sassan ke iya ɗauka. Sai mazuƙar zafi, wani ƙarfe mai haƙarƙari da ke zama bisa ƙwaƙwalwa da fanka a kansa. Daga ƙarshe akwai katin hoto, wanda masu wasannin kwamfuta da masu tace fim ke bukata, shi ne kuma ya fi kowane sashe girma da cin wuta, sau da yawa har da tsada.

Darasi na Farko: Awo

Mai babban akwati yana iya sayen kaya da ka, su kuma shiga. Mai ƙarami tilas ya riƙe abin awo kamar tela. Abubuwa uku ne ba makawa sai an auna: tsayin mazuƙar zafi daga allo zuwa murfi, da tsawo da kaurin katin hoto in za a saka shi, da kuma irin tukunyar wutar da akwatin ke karɓa. Tukunyar ATX da aka saba da ita milimita 150 ce a faɗi, 86 a tsayi, 140 a zurfi, alhali ƙaramar da ake kira SFX 125 ce da 63.5 da 100. Har wa yau, kowace ƙwaƙwalwa da irin gurbin da take zama. Ta gurbin AM4 na kamfanin AMD ba ta shiga AM5 da ya fito a 2022, haka nan ram na DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba.

Ni kaina sai da na sha wannan darasi da zafinsa. Wani mai shago ya tabbatar mini cewa mazuƙar zafin da ya miƙo mini tana shiga kowane akwati, ni kuma na yarda ban auna ba. Na gama ɗaure komai, na zo rufe murfi, sai ya ƙi zama, abin da ya hana kuwa bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Da na koma, ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Laifin nawa ne fiye da nasa, domin takardar akwatin ta faɗi iyakar tsayin da yake ɗauka, ni ne ban karanta ba. Ashe akwai gajeru da aka yi musamman domin irin wannan akwati, kamar NH-L9 ta kamfanin Noctua mai tsayin milimita 37. Tun daga ranar ban sake sayen ko kusa ba sai na rubuta awonta a takarda. Ɗalibin da ya koyi karanta takardar kaya kafin ya biya kuɗi, ya koyi abin da zai amfane shi har a wajen nazarin littattafai, watau komawa ga tushe maimakon dogaro da an ce.

Darasi na Biyu: Ƙana'a

Allon Mini-ITX ramin kati ɗaya gare shi, ramukan ram kuma galibi biyu. Saboda haka tun kafin ka fita kasuwa sai ka zauna ka tambayi kanka, shin me zan yi da wannan na'ura? Mu ɗaliban Hausa aikinmu sananne ne: buga kundin digiri, karanta littattafan da aka mayar hoto, sauraron hirarrakin da muka ɗauko a ƙauyuka muna mayar da su rubutu, da kuma auna sauti da karin harshe da manhaja irin Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka tsara a Jami'ar Amsterdam, ake kuma samunta kyauta. Duk cikin waɗannan babu wanda ke bukatar katin hoto. Akwai ƙwaƙwalwar da ke da sashen hoto a cikinta, kamar Ryzen 5 5600G ta 2021, wadda aka ƙiyasta zafinta a kan wat 65. Irinta na saka, da ram mai gigabait 16, ban kuma taɓa jin ta gaza mini ba a aikin makaranta.

Da babban akwati na saya, na san halina, da ramukan nan da ke buɗe sun riƙa kirana in cika su. 'Yan kasuwa sun san wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa suke ƙawata akwatuna da gilashi da fitilu masu launi, mai saye ya biya kuɗin ado yana zaton ƙarfi ya saya. Ƙaramin akwati yana tsare aljihun mai shi daga wannan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Darasi na Uku: Zafi da Ƙura

Nan ne maganar ta fi shafar mu mazauna wannan yanki. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, zafin nan kuma dole ya sami hanyar fita. A babban akwati iska tana da filin kewayawa, a ƙarami kuwa sai an shata mata hanya. Idan ƙwaƙwalwa ta doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, sai mai ita ya ga aiki yana jan ƙafa bai san dalili ba. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka cikin ɗakuna masu sanyi suke gwajinsu, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40 cikin watan Afrilu. Abin da ya wadatar a can, a nan yana iya gazawa. Don haka wajibi ne mu zaɓi ƙwaƙwalwa mai ƙarancin cin wuta, da akwati mai ramukan iska a gefe da sama, mu kuma ɗaure wayoyi wuri ɗaya kada su tare gaban fanka.

Sai kuma hunturu. Ƙurarsa takan shiga tsakanin haƙarƙarin mazuƙar zafi ta toshe shi kamar auduga. Maganinta shi ne a sa raga a inda iska ke shiga, a kuma shirya fankoki yadda iskar da ake turawa ciki za ta ɗan fi wadda ake zuƙewa, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Wanda ya haɗa na'urarsa da kansa ba ya jin tsoron kwance murfi ya hure ta a ƙarshen hunturu. Har ila yau, bushewar iskar wannan lokaci tana tara lantarki a jikin mutum, irin ɗan tartsatsin nan da mukan ji in mun taɓa ƙofar mota, shi kuwa yana iya kashe ram ko allo ba tare da an ga alama ba. Saboda haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kowane sashe, a kuma riƙe shi ta gefe.

Game da haɗawar kanta, a ƙaramin akwati jeri yana da muhimmanci, domin abin da ka ɗaure da fari yakan rufe hanyar na baya. A ɗora ƙwaƙwalwa da ram da rumbu a kan allo tun yana waje, a ɗiga man da ke shiga tsakanin ƙwaƙwalwa da mazuƙar zafi gwargwadon ƙwayar wake, a kunna a ga ya tashi, sa'an nan a shigar da shi. Gargaɗi ɗaya kuma: tukunyar wuta ba a buɗe ta, domin tana riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare ta daga bango.

Sukar Masu Suka

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, hujjojinsu kuma ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce tsada. Gaskiya ne, allon Mini-ITX da tukunyar SFX sun fi takwarorinsu manya kuɗi, tun da ba a ƙera su da yawa, ga shi kuma duk kayan daga waje ake shigo da su, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Amsata ita ce akwai tsaka-tsaki. Allon microATX, mai milimita 244 kowane gefe, ya fi araha, akwai kuma ƙananan akwatuna da ke ɗaukarsa. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, ya nemi ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin OptiPlex na Dell ko ThinkCentre na Lenovo, waɗanda ake samu a kasuwanni irin Computer Village ta Ikeja, ya buɗe ya ƙara ram, ya sauya rumbu. Sai dai ya sani da yawansu allonsu da tukunyarsu ba sa bin ƙa'idar ATX, saboda haka gyaransu yana da iyaka. Duk da haka ya fara, ya kuma ga cikin na'ura da idonsa.

Na biyu za su ce, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, ina amfanin na'urar da ba ta da batir? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, na kuma yarda cewa ɗalibin da kuɗinsa na abu ɗaya ne, kuma aikinsa na yawon ɗaukar bayanai ne, kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi dacewa da shi. Amma a tuna, da yawa daga na zamani an like ram ɗinsu a jikin allo, ba ya ciruwa ba ya ƙaruwa, in kuma allon ya ƙone kusan duka na'urar ta tafi. Ta tebur kuwa sashen da ya mutu shi kaɗai ake sauyawa. Bugu da ƙari, wadda aka haɗa ba katin hoto cin wutarta kaɗan ne, ƙaramar inbata ko batirin ko-ta-kwana yana riƙe ta. Ƙanƙantar akwatin kuma ta sa in an yi hutu nakan saka ta a jaka in hau mota da ita, abin da mai dogon akwati ba zai yi cikin sauƙi ba.

Na uku za su ce ai akwai ƙananan kwamfutoci haɗaɗɗu, kamar Mac mini da Apple ya fara fitarwa a 2005, me zai sa mutum ya wahalar da kansa? Lalle suna da kyau da ƙarfi. Amma waɗanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Apple, tun daga 2020, ba a iya ƙara musu ram bayan saye. Mai irin wannan na'ura kamar ɗan haya yake a gidan da ya biya kuɗinsa, yana kwana ciki amma ba shi da ikon fasa taga.

Rabon Harshen Hausa

Yanzu sai in dawo ga tambayar abokina. Mu duba yadda kalmomin mota suka zauna a Hausa: birki, giya, sitiyari, taya, filogi, kafireto. Babu wani kwamiti da ya zauna ya raba su. Direbobi da makanikai ne suka kama ƙarafan nan da hannu, bukata ta tilasta musu kiran sunansu, harshe kuma ya lanƙwasa sunayen yadda suka dace da tsarin sautinsa. Haka maƙera suka ba mu uwar maƙera da masaba da zugazugi da awartaki. Daga uwar maƙera ɗin nan ma na samo ƙarfin halin cewa uwar allo.

Malamanmu sun yi namijin ƙoƙari wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, shaida kuwa ita ce Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Kalmomin nazarin harshe da adabi sun rayu domin kullum muna amfani da su a aji. Kalmomin cikin kwamfuta kuwa ba za su rayu a bakinmu ba muddin cikin kwamfuta ya zama ɗakin da ba mu taɓa shiga ba. Ranar da na haɗa tawa, ƙanena yana riƙe mini fitila, tilas ta sa muka raɗa wa kowane sashe suna, domin ba yadda zan ce masa "miƙo mini abin nan" sau ashirin. Sunayen da na yi amfani da su a wannan rubutu daga nan suka fito. Ban ce su ne daidai ba, shawara ce, mai yiwuwa masu gyara a kasuwa suna da waɗanda suka fi su.

Kowace shekara ɗalibai a sassan Hausa suna rubuta kundaye kan ƙira da jima da dukanci da saƙa, suna tattara kalmomin masu sana'ar, hakan kuwa daidai ne. Amma ga matasa Hausawa nan cike da rumfunan gyaran waya da kwamfuta a biranenmu, da Hausa suke ciniki, da Hausa suke koyar da yaransu, kalmomi suna haihuwa a bakinsu kullum. Wanda bai san bambancin ram da rumbu ba, yaya zai yi hira da su har ya rubuta abin da suka faɗa daidai?

Kammalawa

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa shawara biyu. Ta farko, a ware yini ɗaya kowane zango a samo tsohuwar kwamfuta, a kwance ta a sake haɗawa a gaban kowa, da sharaɗin ba za a yi bayani da wani harshe ba sai Hausa, wani kuma ya zauna yana rubuta duk sunan da ya fito. Ta biyu, ina roƙon malamanmu su yarda wasu daga cikinmu su ɗauki kalmomin masu gyaran kwamfuta a matsayin batun kundinsu, kamar yadda ake ɗaukar na maƙera. Wanda kuma yake tara kuɗin sayen kwamfutar tebur, ya sayi abin awo tukuna, ya rubuta bukatarsa a takarda, sa'an nan ya nemi akwatin da bai fi bukatar girma ba.

Wannan shi ne iyakar ɗan abin da na fahimta, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne, don haka ƙofa a buɗe take ga duk mai gyara, musamman 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta. Abokin nan nawa kuwa, a kan na'urar da ya yi wa dariya yake buga babi na biyu na kundinsa. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.